Wa ya rufe mana kasuwa lokacin korona, kuma mene ne aikin WHO?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Talata Mafara. Lokacin korona anka hana mu zuwa Kano sarin kaya, anka rufe makarantu, anka ce WHO ce ta ba da umarni. Daga baya anka kawo allura anka ce kyauta ce daga waje. Mu dai ba mu ga gawawwakin da anka ce za a gani ba, amma amai da gudawa ya kashe muna mutane, ba mu ji duniya ta tashi ba. Don Allah mi ne aikin waɗannan hukumomi in annoba ta zo? Suna da ikon tilasta ma ƙasa? In wata ta sake ɓullowa, mu amince da su?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. In na fahimce ka, kana son sanin wa ke da wuƙa da nama idan annoba ta game duniya, kuma me ya sa aka yi wa korona gangami aka bar mu da kwalara. Na daɗe ina aikin sa ido kan cututtuka a nan Zamfara, daga ƙaramar hukuma har jiha. Don haka zan yi maka bayani daga inda nake tsaye, wato ƙarshen layi, inda takardar da aka rubuta a Geneva take zama fom a hannun ma'aikacin asibitin ƙauye.

Da farko a raba su, domin mutanenmu duk wanda ya zo da farar mota mai dogon eriya sunansa ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, reshe ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya. An kafa ta a 1948, hedikwatarta na Geneva, ofishinta na Afirka yana Brazzaville, kuma tun 2017 Tedros Adhanom Ghebreyesus ɗan ƙasar Habasha ke shugabantarta. UNICEF ita ce gwanar sayayya da dako: allurai, sirinji, firji. Gavi asusu ne da ke biyan kuɗin rigakafi ga ƙasashe marasa ƙarfi. Africa CDC ta Tarayyar Afirka ce, an buɗe ta a Addis Ababa a 2017. Bankin Duniya da IMF kuɗi suke bayarwa, kuma yawancinsa bashi ne. Ita kuwa ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, wadda mutanen Anka da Shinkafi da Zurmi suka fi kowa sani, ba ta ƙarƙashin kowace gwamnati ko Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ce kan kwantar da marar lafiya ta ɗaura masa ruwa. WHO ba kasafai take yin wannan ba, kuma nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Wane iko WHO take da shi?

Kaɗan ne ƙwarai, bai kai yadda ake zato ba. Akwai dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa da aka sabunta a 2005, suka fara aiki a 2007, kuma Najeriya na cikin ƙasashe 196 da suka shiga. Abin da suka ɗora wa ƙasa shi ne ta gina hanyar gano cuta da wuri, kuma idan ta tantance cewa wani abu na iya tsallake iyaka, ta sanar da WHO cikin awa 24. Su kuma dokokin sun ba shugaban WHO damar ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya, ya ba da shawarwari. A nan ikon ya tsaya. Ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, ba ta cin ƙasa tara, ko shiga wata ƙasa yin bincike ba ta iyawa sai an ba ta izini. Matsayinta na mai shelar gari ne: zai zagaya ya ce gobara ta tashi a unguwa kaza, kowa ya tanadi ruwa, amma ba shi da dogarin da zai kama wanda ya juya ya ci gaba da barci.

Dubi yadda abin ya gudana. Ranar 31 ga Disamba 2019 labarin wata baƙuwar cutar huhu a birnin Wuhan na China ya iso WHO. Ranar 30 ga Janairu 2020 ta ayyana dokar ta-ɓaci, wadda ita ce ƙararrawa mafi girma da take da ita a lokacin. Ƙasashe masu arziki da dama suka yi kunnen uwar shegu. Sai da Tedros ya kira ta annobar duniya ranar 11 ga Maris, asibitocin arewacin Italiya sun riga sun cika, sannan kowa ya zabura. Kwamitin da aka naɗa daga baya ya binciki lamarin, ƙarƙashin Helen Clark ta New Zealand da Ellen Johnson Sirleaf ta Laberiya, ya ce watan Fabrairun 2020 wata ne da duniya ta yi asararsa. Kwamitin bai wanke WHO ba, ya ce ita ma da ta buga ƙararrawar kafin ranar da ta buga.

To wa ya rufe hanyar Kano? Mutum na farko da aka tabbatar yana da cutar a Najeriya ɗan Italiya ne, a Legas, ranar 27 ga Fabrairu 2020. Shugaba Buhari ne ya kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, bisa shawarar kwamitin da Boss Mustapha ya jagoranta da hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, NCDC, wadda Chikwe Ihekweazu ke shugabanta a lokacin. Hana zirga-zirga tsakanin jihohi, gwamnatin tarayya da gwamnoni ne suka yi. Rufe masallatai da kasuwanni kowane gwamna da yadda ya ga dama, shi ya sa dokar wata jiha ta sha bamban da ta maƙwabciyarta. Kwashe almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu shawarar gwamnonin Arewa ce, kuma a ganina ta fi kusa da yaɗa cutar fiye da tare ta. Iyakokinmu na ƙasa kuwa, irin su Kamba da Illela da Jibiya, tun Agustan 2019 suke a rufe saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, kafin kowa ya ji sunan korona. Abin da zai ba ka mamaki shi ne, a farkon lamarin WHO ta ba da shawarar kada a rufe iyakoki, ƙasashe suka yi biris da ita suka rufe. Ta dai ce a rage cunkoso, a ba da tazara, a yi gwaji, a killace wanda ya kamu. Killacewar ma ba baƙon abu ba ne a gare mu, tunda Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke, ya kuma hana na ciki fita. Amma yadda za a yi wannan a garin da magidanci sai ya fita da safe za a ɗora tukunya da dare, wannan hisabin na shugabanninmu ne. Fakewa da sunan WHO ya yi wa wasunsu daɗi.

Aikin da ba a gani

Amfaninsu na gaske yana wurin da ɗan kasuwa ba zai gani ba. Sabuwar cuta in ta zo, ma'aikacin lafiya a Bukkuyum ba shi da hanyar bambanta ta da mura ko zazzaɓin cizon sauro sai an ba shi ma'auni: wanda ke da alama kaza da kaza, ya yi cuɗanya da wane, shi ne abin zargi. WHO ke tsara wannan ma'auni, NCDC ta daidaita shi da yanayinmu, ya gangaro mana. Haka gwajin kansa. Masanan China sun fitar da bayanan halittar ƙwayar a Janairun 2020, wani ɗakin bincike a Berlin ya haɗa hanyar gwaji, WHO ta yaɗa ta kyauta ta kuma aika kayan aiki. A farkon Fabrairu, duk faɗin Afirka ta kudu da Sahara, Senegal da Afirka ta Kudu ne kawai ke iya gwajin. Ko da aka fara gwajin a Najeriya, ɗakunan gwajin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

Ga yadda abin yake a hannu. Za ka sa rigar kariya ta leda a zafin Afrilu, gumi na taruwa a cikin safar hannu. Ka zura siririn tsinke mai auduga can cikin hancin mutum har idonsa ya kawo ruwa, ka karya tsinken a cikin 'yar kwalba mai ruwan adana ƙwaya, ka rubuta lamba, ka naɗe ta sau uku, ka jera a akwatin sanyi tsakanin ƙanƙara. Daga nan sai neman mota. A makonnin farko samfurin sai ya bar jihar, kuma kafin sakamako ya dawo wani ya warke ya koma gona, wani an riga an yi masa sutura. Akwatin sanyin nan, da babur ɗin da ya kawo shi daga ƙauye, da wayar da aka tura rahoto da ita, yawancinsu gadon yaƙi da shan inna ne. Jami'in da ya saba bin yaron da ƙafarsa ta saki kwatsam, ya karɓi bayan gidansa sau biyu a aika Ibadan ko Maiduguri, shi ne aka juya ya koma bin masu tari. Haka aka yi a Legas a 2014 da Ebola ta shigo: ma'aikatan shan inna aka ɗauko, cutar ta tsaya a mutum 20, takwas suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta hana mai cutar na farko fita daga asibiti.

Sai batun magani. Ka tuna yadda aka yi wawason kulorokwin a kemis bayan Trump ya yabe shi? Manyan gwaje-gwajen da aka yi a asibitoci, ɗaya na WHO a ƙasashe da dama, ɗaya na Ingila, su suka nuna cewa dangin wannan magani ba ya hana mutuwa. Na Ingilar ya gano a Yunin 2020 cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha da ke kusan kowane babban asibitinmu, yana ceton waɗanda numfashinsu ya yi tsanani. Babu jihar da za ta iya gano wannan ita kaɗai.

Sun yi tuntuɓe kuma. Sai a Yunin 2020 WHO ta ce jama'a su sa takunkumi, bayan ta shafe watanni tana cewa na marasa lafiya ne da masu jinya. Ta yi jinkiri wajen amincewa cewa ƙwayar na yawo a iskar ɗaki rufaffe, aka bar mu muna ta wanke hannu a bokiti mai famfo alhali buɗe taga ya fi. An kuma zarge ta da lallaɓa China, kuma har yau ba a rufe binciken asalin cutar ba, ita kanta WHO ta ce ba a ba ta dukkan bayanan da ta nema ba.

Allurar da ta zo a makare

A nan ne raunin tsarin ya fito fili. An kafa shirin COVAX, haɗin gwiwar WHO da Gavi da CEPI, ƙungiyar da ke ɗaukar nauyin ƙirƙiro allurai, UNICEF na dako, da nufin talaka da mai kuɗi su samu allura lokaci guda. Amma tun kafin a gama haɗa allurar, ƙasashe masu arziki sun biya kuɗin gaba sun kama layi, wasu sun yi odar abin da ya ninka yawan mutanensu. Ingila ta fara yi wa jama'arta a Disamban 2020. Ghana ce ta fara karɓar kason COVAX ranar 24 ga Fabrairu 2021, namu kusan miliyan 4 ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris, ga ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Allurar AstraZeneca ce da ake haɗawa a Indiya. Da cutar ta rutsa da Indiya a wannan bazarar, sai ta dakatar da fitarwa, muka yi cirko-cirko da mutanen da suka karɓi ta farko suna jiran ta biyu. Da kyauta ta fara kwararowa daga baya, wata ta zo saura makonni ta lalace. A Disamban 2021 hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa, NPHCDA, ta lalata allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja a gaban 'yan jarida. Ka san abin da wannan hoton ya yi wa mai wayar da kai a ƙauye.

A daidai lokacin, Afirka ta Kudu da Botswana suka gano sabon nau'in korona mai suna Omicron suka sanar da duniya kamar yadda doka ta ce. Tukuicinsu shi ne aka hana jiragensu sauka, Ingila ta sa har da Najeriya a jerin. WHO ta yi Allah wadai, ba wanda ya saurare ta. Ba ta da masana'antar allura ko ɗaya, kuma abin da ƙasashe ke biya mata na wajibi a lokacin bai kai kashi 20 cikin ɗari na kasafinta ba. Sauran gudummawa ce, mai bayarwa kuma yakan faɗi inda za a kashe. Amurka, wadda a da ta fi kowa ba da kuɗi, ta sanar da ficewa a 2020, Biden ya soke, Trump ya sake sa hannu a Janairun 2025. Game da kuɗin da aka ce an turo, dala biliyan 3.4 da IMF ta ba Najeriya a Afrilun 2020 rance ne. Kayan abincin da aka fasa rumbuna aka kwasa a Oktoban wannan shekara kuwa ba na WHO ba ne, yawancinsa gudummawar attajirai da bankunan cikin gida ne da aka damƙa wa jihohi.

Me ya sa ba a tashi don kwalara ba?

Ƙorafinka yana da tushe, alƙaluma ma suna bayanka. A hukumance korona ta kashe mutum dubu 3 da ɗoriya a Najeriya tun farkonta. Kwalarar 2021 kaɗai ta kashe sama da 3,500, kuma Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna, a shekarar da aka katse layukan waya a watan Satumba saboda 'yan bindiga, har rahoton mako ya koma sai an kawo shi a takarda. Sai dai a yi hattara da adadin korona. Gwajinmu kaɗan ne, ba ma rajistar mutuwa, muna binne mamaci cikin sa'o'i. Duk wanda ya bi labarin Kano a Afrilun 2020 ya san dattawa sun tafi da yawa cikin 'yan makonni. WHO ta ƙiyasta cewa a 2020 da 2021 mutanen da suka mutu a duniya sanadin annobar sun kusa miliyan 15, ninki kusan uku na abin da ƙasashe suka bayar. Gaskiya ne kuma cewa ta zo mana da sauƙi fiye da Turai, babban dalili shi ne yawancinmu matasa ne, ita kuwa tsofaffi ta fi kayarwa.

Dokar ta-ɓaci ta duniya an yi ta ne don cutar da ke tsallake iyakoki da sauri, wadda ke buƙatar ƙasashe su haɗa hannu. Kwalara an san ta, an san maganinta, tushenta ruwan sha ne da bayan gida, wato aikin gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma. Ba zan ɓoye maka ba, akwai son kai a ciki: cutar da za ta iya hawa jirgi ta sauka London ta fi samun kuɗi. Amma ba daidai ba ne a ce ba sa zuwa don namu. A 2010 da yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, MSF ce ta fara ankarar da duniya, aka gano gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake daka a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu kafin a kankare ƙasar gidajen a yi wa sauran magani. A ƙarshen 2016 sanƙarau nau'in C ya fara daga Zurmi, ya bazu Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja, ya kashe sama da mutum dubu. Allurar da aka yi mana daga rumbun ajiya na duniya ta fito, wanda WHO da UNICEF da MSF da Red Cross ke kula da shi tun bayan babban sanƙarau na 1996. Rumbun nan yana da sharaɗi: sai ka nuna da gwaji wane nau'i ne, ka nuna adadi ya kai mizanin annoba, wato mutum 10 cikin dubu 100 a mako guda. Idan ba a ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji ba, idan rahoto ya kwana a aljihun wani saboda babu kuɗin mai, allura ba za ta taso ba. A wancan karon watanni suka shuɗe kafin ta iso, kuma rabon jinkirin na gida ba ƙarami ba ne.

A amince da su?

Zargin da mutanenmu ke yi ba daga sama ya faɗo ba. A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa yara kimanin 200 masu sanƙarau, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan kamfani ne, ba WHO ba, amma tabon ya shafi kowa, kuma yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003 a wasu jihohin Arewa, har da tamu. Sakamakon shi ne cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Abin da ya gyara lamarin ba jawabin Geneva ba ne. Sarakuna ne ƙarƙashin Sarkin Musulmi, da malamai, da matan unguwa masu shiga gida-gida, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agusta 2020. Ka tambayi dattawan gidanku labarin agana, wadda aka shafe daga doron ƙasa a 1980 ta irin wannan haɗin gwiwa.

Shawarata, Alhaji, ka raba amanar gida biyu. A kan ilimin cuta, yadda take yaɗuwa, wane magani ke aiki, wace allura ta cika sharaɗi, ban san wata madogara da ta fi su ba, ko da yake sukan sauya magana in sabon bayani ya zo. Allurar ma ba ta shiga jikin ɗan Najeriya sai NAFDAC ta amince. A kan cewa za su kawo maka kaso daidai da na Bature a ranar tsanani, kada ka sa rai. A Mayun 2025 ƙasashe sun amince da sabuwar yarjejeniyar annoba, wadda ta tanadi cewa kamfanonin da suka shiga za su ware wa WHO kashi 20 cikin ɗari na abin da suke haɗawa, rabinsa kyauta. An bar ɓangaren rabon samfurin ƙwayoyi da amfaninsu sai an ƙarasa tattaunawa, yarjejeniyar ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun rattaba hannu a majalisunsu, kuma Amurka ba ta ciki.

Abin da ke hannunku a kasuwa shi ne saurin kai labari. In ka ji mutum uku ko huɗu a unguwa ɗaya ko ƙauye ɗaya sun kwanta da ciwo iri ɗaya cikin 'yan kwanaki, ko an yi mace-mace a jere ba a san dalili ba, ko wuya ya sanƙare wa yaro da zazzaɓi, a gaya wa mai kula da asibitin da ya fi kusa ko mai unguwa a ranar. Kowace ƙaramar hukuma cikin 14 ɗin jihar nan tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda muke kira DSNO, kuma daga teburinsa rahoto ke tafiya Gusau, ya wuce NCDC a Abuja. Layin NCDC na kyauta shi ne 6232.